Gurbin Da Ke Gefen Sati

Samaru, Zariya
6 ga Maris, 2006

Zuwa ga ɗana Ɗanasabe, wanda mutanen Abuja ke kira Malam Henry,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, kai da matarka da yaran nan da ban taɓa gani ba sai a hoto. In takardar nan ta same ku lafiya, to addu'ata ta karɓu. Mu ma muna nan. Zafi ya shigo da ƙarfinsa, ƙafafuna sun kumbura, likita ya ce zuciya ce ta fara gajiya. Na ce masa shekara saba'in da uku tana aiki ba hutu, ko ma'aikacin gwamnati ne ai da tuni ya yi ritaya. 'Yata Ƙauna tana gaishe ka. Har yanzu tana sayar wa ɗaliban jami'a abinci, suna cin shinkafarta suna gardamar siyasa, rabi Hausa rabi Turanci.

Ta ce in kira ka a wayar hannu, na ce maganata ba ta minti biyu ba ce. Shekara talatin na yi ina buga tafireta a jami'a, yatsuna sun fi bakina iya zance.

Ga abin da ya kawo ni. Ka san inda muka kwantar da maigidana Sati, a tsohuwar maƙabartar Kirista ta Sabon Gari, shekara goma sha biyar ke nan. Ka kuma san akwai gurbi a gefensa na hagu, wanda abokansa suka kewaye mini da bulo ranar jana'iza. Ran Asabar na je share wurin kamar yadda na saba, sai na tarar an sa sabuwar ƙofa da allo. Wai ƙaramar hukuma ta rufe maƙabartar, ta cika, daga yanzu sai sabuwar da ke can bayan gari. An bar ziyara, binnewa ce babu. Mai gadi ya buɗe mini, na shiga na zauna a kan bulon nan, ban iya ɗaga tsintsiya ba. Ɗanasabe, na ji tsoro. Ban taɓa tsoron mutuwa ba, amma ranar na ji tsoron kwanciya cikin baƙi.

Kai kana aiki a Majalisar Tarayya. Ka rubuto musu takarda, irin wadda ke da tambarin gwamnati mai dawakai biyu a ka, ka ce a bar wa Lucia Sati gurbinta. Layi uku sun isa. Ka tuna lokacin soja, da famfon layinmu a Chikaji ya shekara biyu ba ruwa, kai ne ke zuwa ɗiba har bayan masana'anta kafin ka tafi makaranta? Wan maƙwabcinmu Manjo ne, ya rubuta layi biyu, kwana biyu ruwa ya zo. To kai ai ka fi Manjo, tunda gwamnatin ce gaba ɗaya a ofishinku.

Ban haife ka ba, na sani. Kakanka da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne, in za a bi zumuncinmu sai an sha ruwa a hanya. Amma shekara biyar ka yi a ɗakinmu, kuma ban taɓa roƙonka komai ba sai yau.

Friday direba zai kawo maka wannan, shi zai dawo mini da amsa.

Gwaggonka,
Lucia

Abuja
20 ga Maris, 2006

Gwaggona,

Gaisuwa da ladabi. Muna lafiya, yara sun ce a gaishe da kakarsu ta Zariya. Maganar ƙafafunki ta dame ni. Ki rage gishiri, ko da yake na san faɗa miki haka kamar magana da bango ne.

Da na ga bugun tafiretarki sai na ji kamar ina ɗakin Chikaji. Jiniyar masana'anta ta ƙarfe bakwai, kukan jirgi daga tasha, Baba Sati yana goge kekensa da tsumma kamar wanda zai kai shi biki, ke kuma kina cewa in ban gama ɗanwaken nan ba ba inda za ni. Ban taɓa cin abinci mai daɗin na gidan nan ba.

Gwaggo, abin da kika roƙa ba ya cikin ikona. Ki bar ni in yi bayani, kada ki ajiye takardar tukuna.

Akwai littafin da ake kira kundin tsarin mulki. Babban aikinsa shi ne rabo. Ya ɗauki ikon ƙasar nan ya kasa shi, don kada ya taru a hannu ɗaya. Akwai jerin abubuwa sittin da takwas da ya ce na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai: soja, 'yan sanda, jirgin ƙasa, gidan waya da sauransu. Akwai waɗanda take tarayya da jihohi a kansu, kamar jami'o'i. Abin da bai shiga jerin biyun nan ba na jihohi ne. Can ƙarshen littafin kuma an lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwa, tashar mota, lasin keke, sunayen tituna, rajistar haihuwa da mutuwa. Na duba da idona jiya, maƙabarta tana nan a ciki. Ko shugaban ƙasa ba shi da ikon ba da umarni a buɗe ƙofar nan.

A tarayyar ma an sake rabawa. Majalisa tana yin doka, amma ba ita ke aiwatarwa ba. Masu aiwatarwa ba su ke yanke hukunci ba, wannan na kotu ne. Ni kuwa akawun wani kwamiti ne, aikina in rubuta abin da wasu suka faɗa. Manjon nan naki ya fi ni nesa ba kusa ba.

Ki tuna gandun gidan Kaka Nomau a ƙauye. Shi ne babba, shi ke cewa yau gona kaza za a nome, makullin babban rumbu yana hannunsa. Amma kowane magidanci da kowace mace suna da gayaunarsu, kuma abin da gayauna ta bayar na mai ita ne. Tarayya ita ce gandu, maƙabartar nan gayaunar ƙaramar hukuma ce.

Shawarata ki je wurin kansilan mazaɓar ki kai kuka. In sun ƙi, akwai kotu, zan nemo lauya. Kuma kada ki sa abin a rai har ya ƙara miki ciwo. Ke kika koya mini cewa ranar tashin matattu ba za a tambayi kowa adireshi ba.

Ɗanki,
Henry Ɗanasabe

Samaru
2 ga Afrilu, 2006

Malam Henry,

Ina fata kana lafiya. Ni dai ga ni.

Na samu laccarka, na gode. Na roƙi layi uku, an aiko mini shafi biyu, ashe takarda ba ta yi tsada a Abuja ba.

Ni za ka koya wa gandu? Ni da na yi noma a cikinsa tun fartanya ta fi ni tsawo? Kai da aka kawo ka birni kana kuka da majina, ba ka san bambancin dawa da maiwa ba? Kaka Nomau yana da dokokinsa, amma bai taɓa barin 'yar gidansa tsaye a ƙofar wani yana karanta mata jerin sittin da takwas ba.

Sai maganar adireshi. Na karanta layin nan sau biyar. Wato abin da kake nufi, tsohuwa ta cika fitina, a jefa ta ko'ina, Allah zai tsinto ta. Na san Ubangiji ba ya ɓatan hanya, ba sai akawu ya tuna mini ba. Amma shekara talatin da shida na kwana a gefen hagun mutumin nan, a ɗaki ɗaya da kwanon da ke yoyo, har lokacin da ba mu da komai sai juna. Ba ranar tashi nake magana ba, jiran nake magana.

Kotu kuma, ka tambayi likitana ko ina da shekarun kotu.

Kada ka damu kanka da amsa. Na san manya aiki ya yi musu yawa.

Lucia Sati

Samaru
20 ga Mayu, 2006

Ɗanasabe,

Ina gaishe ka, da iyali. Mako bakwai ke nan shiru. Na ce kada ka amsa, kai kuma ka ɗauka da gaske. Tun kana yaro haka kake, in an ce maka tafi sai ka tafi, ba ka san ana faɗa ne don a ga ka tsaya ba.

Kwana tara na yi a asibiti bayan Ista, numfashi ya so ya ƙi ni. Na hana Ƙauna kiranka, fushi nake yi. Yanzu na dawo gida, an yi ruwan farko, ƙanshin ƙasa ya shigo har ɗaki. Sai na tuna yadda kai da Sati kuke jera bokitai da kwanoni a ɗakin Chikaji, kowane ɗigo da nasa, yana cewa mu ne kaɗai masu famfo a cikin ɗaki.

Ran Talata ɗalibai suka cika shagon Ƙauna suna sauraron rediyo. Da aka ce Majalisar Dattawa ta yi watsi da maganar tazarce, ihu suka yi har suka karya mata benci. Wani ya ɗaga ni sama, ni da ciwon zuciya, yana cewa, "Mama, mun yi winin!" Na ce sauke ni, ɗan nema, ɗana yana cikin waɗanda suka yi aikin. Ka ga, ina fushi da kai ina kuma alfahari da kai, tsufa ke nan.

Amma ga abin da na kasa ganewa. In gidan da kake aiki ya iya ce wa mafi girma a ƙasar nan a'a, ya tsaya, yaya ƙofar ƙarfe ɗaya a Sabon Gari za ta gagare ku? Ba gatse nake yi ba, da gaske nake tambaya.

Likita ya ce in daina hawa acaɓa. Ban sani ba ko zan ga wata daminar. Ka rubuto, ko zagi ne.

Gwaggonka

Abuja
27 ga Mayu, 2006

Gwaggo,

Na durƙusa, ki yafe mini. Ban san kin kwanta asibiti ba, na kira Ƙauna na yi mata faɗa, ita ma ta rama. Sau uku na rubuta miki amsa ina yagawa. Maganar adireshi wauta ce. Ta'aziyya na so yi, sai na yi wa mai rai ta'aziyyar kanta.

Ga amsar tambayarki. Ba ƙarfinmu ne ya tsayar da tazarce ba, littafin nan ne. Ya ce wa'adi biyu ne, kuma ya sa canza shi ya yi wuya da gangan. Sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun yarda, sannan majalisun jihohi ashirin da huɗu su ma su yarda. Tun a matakin farko abin ya faɗi. Littafin da ya ce wa babba iyakarka ke nan, shi ne ya ce mini iyakata ke nan. Ba zai yiwu in yi murna da shi ran Talata in tsallake shi ran Laraba ba.

Kin tuna mini takardar Manjo. Bari in tuna miki wata, ko da yake ban taɓa ɗaga maganar a gabanki ba. Shekarar tamanin da huɗu, ina aji biyar, ina gida ba ni da lafiya. Ƙarfe goma na safe Baba Sati ya shigo yana tura keke, bai hau ba. Ya miƙa miki takarda mai layi uku, an sallame shi daga aiki nan take. Shekara ashirin da shida yana riƙe da siton gwamnati, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba, ba wanda ya faɗa masa laifinsa. Na raka shi wurin lauya a Sabon Gari. Lauyan ya ce, "Baba, dokar soja ta hana kotu sauraron irin wannan ƙara. Wanda ya yi dokar, shi ya kore ka, shi kuma ya rufe kotun." A hanyar dawowa, da muka kai gada, ya ce, "Ɗanasabe, ko tambayata ba su yi ba." Daga nan ya koma gyaran keke a bakin titi, kin fi ni sanin bai ƙara zama Satin da ba.

Gwaggo, hannun da ya kawo mana ruwa a kwana biyu, shi ne ya kori Baba Sati a layi uku. Saboda ranar nan na karanta abin da na karanta.

Duk da haka, ga takardar a cikin ƙaramin ambulan. Ni na buga ta da hannuna bayan kowa ya tashi, da dawakan da hatimin. Ba ta da ƙarfin doka ko kaɗan, amma na san mutanenmu, in suka ga kan takardar ba za su tambaya ba. In aka gano, aikina ya ƙare, kuma daidai ne ya ƙare. Na auna, na ga ba zan iya tsayawa a bakin kabarinki a wani wuri ina tuna cewa kin roƙe ni abu ɗaya na hana ba.

Ki yi yadda kika ga dama da ita.

Ɗanki,
Ɗanasabe

Samaru
12 ga Yuni, 2006

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Jiki da sauƙi, na rage gishirin, abinci ya zama kamar hukunci.

Da takardarka ta zo, rawa na taka a tsakar gida, Ƙauna ta ɗauka kaina ya taɓu. Maganar Sati da ka yi kuwa, na ninke ta na sa a ƙarƙashin filo, na ce ba yau ba. Ran Litinin na ɗaura zanen Zumuntar Mata ta coci, na hau bas daga Samaru, na sauka na taka a hankali har sakatariyar ƙaramar hukuma.

Aka nuna mini ofishin wanda maƙabartu ke hannunsa. Sunansa Malam Callistus, mutum mai furfura, rigarsa ta sha guga har wuyan ya fara cinyewa. Ya ba ni kujera, ya gaishe ni da kyau. Na miƙa masa takardar ina wani ɗaga kai.

Yana ganin dawakan nan ya miƙe tsaye. Tsaye ya karanta ta, Ɗanasabe, kamar mai takardar yana ɗakin. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sai ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Mama, majalisar kansiloli ce ta yanke a rufe wurin. In na buɗe, na karya abin da suka yanke. In ban buɗe ba, ga Abuja." Sannan ya ce a hankali, "Wata goma sha ɗaya ya rage mini in yi ritaya."

Ya jawo biro zai sa hannu. Ban san lokacin da na tashi ba. Hannuwan nan na san su, irin na Sati ne, ranar da ya miƙo mini takardar sallama da ƙarfe goma na safe. Na ce, "Ba ni nan, ɗana, na yi kuskure, ba taka ba ce." Ya dube ni, na dube shi. Ya miƙo mini, ya zauna, ya ce, "Ban ga komai ba, Mama." Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina budurwa. Na je neman kwanciya kusa da Sati da irin sandar da aka doke shi da ita.

Ga takardarka na mayar, ka ƙona ta da hannunka. Af, akwai kuskure biyu a bugun, kuma gefen hagu bai daidaita ba. Da a ofishina ne da ka sake.

Akwai abin da na ɓoye maka don fushi. Maganar gandunka gaskiya ce. Wata shekarar yunwa, ina ƙarama, Kaka Nomau ya buɗe rumbun gayaunar matar ƙanensa ba da izininta ba, ya ciyar da gida. Ba don kansa ya yi ba, yara ke kuka. Duk da haka dattawa suka zaunar da shi a gindin tsamiya, suka ce ya ba ta haƙuri a gaban kowa, in kaka ta yi ya mayar. Suka ce in aka bar shi yau don yunwa, gobe wani zai buɗe don kwaɗayi. Matar ta ce da ya tambaye ta, da ta ba shi duka. Shekara sittin ban tuna wannan ba sai a bas ina dawowa.

Malam Callistus ya nuna mini hanya. A rubuta koke, kansila ya gabatar, majalisarsu ta zauna a kai. A ƙofar maƙabarta na haɗu da Bolanle, wadda ke sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari da can, ita ma mijinta yana ciki. Mun bi coci-coci, mun taru mu tara, gwauraye masu matsala iri ɗaya. Ni na buga koken, ba kuskure ko ɗaya. An sa mana ran sha tara ga Yuli.

Gwaggonka,
Lucia

Abuja
24 ga Yuni, 2006

Gwaggo,

Na gaishe ki. Na ƙona ta a bayan gida, matata tana tambayata me ya sa nake hawaye a kan shara. Ni na yi karatun, ke kika ci jarrabawar.

Na ɗauki hutu. Zan zo ran sha takwas a motar Friday, ba da motar ofis ba, ba kuma da katin aiki ba. Zan zauna a bencin baya a matsayin ɗanki. Ki ce wa Ƙauna ta tanadi garin ɗanwake.

Ɗanasabe

Samaru
7 ga Agusta, 2006

Ɗanasabe, ɗan albarka,

Ina gaishe ka, da matarka, da jikokina. Ka gode mata da zanen. Tun da ka tafi gidan ya yi mini faɗi. Ban ji haushin ɗaga zaman da aka yi ba, tunda ya ba ni kwana uku da kai. Har yanzu ina dariyar yadda muka tsaya a ƙofar tsohon ɗakinmu na Chikaji, mai shagon cajin waya da ke ciki yana tambayarmu ko caji muka kawo. Ka yi furfura, ban yarda ba sai da na taɓa.

An yi zaman ran Alhamis. Na san Ƙauna ta faɗa maka sakamakon a waya, amma ita ba ta iya ba da labari ba.

Kansiloli goma sha ɗaya ne, a ɗaki mai fanka ɗaya. Mu tara muka jeru da fararen ɗankwali. Jami'in lafiya ya fara magana. Ya ce kaburbura uku na ƙarshe da aka haƙa, duk an ci karo da ƙasusuwan waɗanda suka riga, kuma in damina ta yi ƙarfi ruwan wurin yana gangarawa rijiyoyin gidajen da ke ƙasa. Ya ce ko gurbin da muke gani fili ne, ba wanda zai rantse babu kowa a ƙarƙashi. Na so in ji haushinsa, na kasa. Ƙasusuwan nan ma mazan wasu ne.

Sai shugaban zaman ya ce, "Cikin iyayenmu wa zai yi magana?" Bolanle ta zungure ni ta ce, "Tashi, ke ce mai baki." Na tashi. An ba ni minti biyar, na ci ashirin, ba wanda ya katse ni. Na faɗa musu waye Sati. Na faɗi shekarunsa a sito, da yadda aka kore shi, da yadda ya gyara kekunan rabin Sabon Gari, wataƙila har da na iyayensu. Wani kansila ya ce, "Baba mai keke na bakin gada? Shi ya koya mini faci!" Akawu yana rubuta duk abin da na ce. Na leƙa, na ga sunan Sati a littafin gwamnati, an rubuta shi daidai.

Aka ɗaga hannu. Huɗu suna tare da mu, bakwai suka ce a bar ta a rufe.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. A bas na yi, na yi a gida, jiya ma na ɗan taɓa. Ina son gurbin nan har yanzu, kuma ba zan samu ba. Amma a gabana aka kayar da ni, an faɗa mini dalili, an kuma tambaye ni. Na san ka ce akwai kotu. Bar ta, ɗana. Ba wai ba na iya jira ba ne kawai, ban tabbata suna da laifi ba.

Da muka fito, Malam Callistus ya raka ni har bakin titi. Na yi masa wata tambaya da ta zo mini a lokacin. Ya tsaya ya yi tunani sosai, irin na mutumin da ba ya son ya faɗi abin da ba haka ba. Sannan ya ce, "Mama, wannan ba sai da izinin kowa ba. Ba a ba mu ikon hanawa ba, ban kuma ji an ba jiha ko Abuja ba."

To ga abin da na tambaye shi, shi ne kuma aikinka, wannan karon ba takarda a ciki. Ranar da Ƙauna ta kira ka, kada ka wuce Samaru kai tsaye. Ka fara sauka a Sabon Gari, mai gadi ya san ka yanzu. Ka je gefen Sati na hagu, cikin bulon nan, ka ɗebi ƙasa cikin ƙwarya da hannunka. In an saukar da ni a sabon wurin, ita za ka fara zubawa kafin kowa ya taɓa shebur.

Ka cika ƙwaryar sosai, kada ka yi mini rowa.

Gwaggonka,
Lucia Sati